Harajin Da Bai Bi Mota Ba

Ƙarfe biyu na ranar Laraba aka bugo waya ofishin 'yan sanda na Aberdare. Wata mota ta ɓace daga filin da ake tsare motocin da aka kama babu haraji. Sufeto Rhodri Beynon ya ajiye shayinsa ya tafi.

Mai gadin filin, Alun, ya nuna masa gurbin da motar take.

"Tsohuwar Rover ce koriya, yallaɓai. Jibi za a kai ta injin murƙushewa. Wa zai saci wannan?"

"Abin da ya kawo ni ke nan. Wa ya shigo yau?"

"Ko kare bai shigo ba."

Sufeto ya duƙa ya duba ƙasa. Babu ɓaraguzan gilashi, babu sawun janwe. Da mukulli aka buɗe ta, aka tuƙa. A ɗakin gadi ya tarar da faranti mai zanen furanni, da sauran kek mai zabibi a kai.

"Wa ya toya maka?"

"Matata."

"Alun, shekara uku ke nan da matarka ta koma Cardiff. Har limamin coci ya sani."

Alun ya sosa ƙeya. Ya ce wata tsohuwa ce ta zo, wai tabarau ɗin mijinta na cikin motar. Ya bar ta ta shiga, ya je ɗora ruwan shayi. Kafin ruwa ya tafasa, ba ita ba motar. Sunanta ma bai tambaya ba.

Takardu sun nuna mai motar shi ne Dewi Maddocks, mai gyaran famfo. Sufeto ya same shi a ƙofar gida yana lodin bututu.

"Wa ya sayar maka?"

"Wani mutum a intanet. Na manta sunansa."

"Idris Probert ne mai ita kafin kai a rajista. Ya rasu a watan Afrilu. Da wace waya kuka yi ciniki?"

Dewi ya ajiye bututun.

"Matarsa ce, Anti Eluned, gwaggon matata. Likita ya hana ta tuƙi saboda ido. Ta ce ba ta so motar ta ruɓe a gareji, in karɓa in riƙa hawa. Ta ce Kawu Idris ya biya haraji har Nuwamba."

"Ba ka san haraji ba ya bin mota ba? Ranar da aka sauya suna yake mutuwa. Mai saye sai ya biya nasa kafin ya hau titi."

"Yanzu na sani. Kwana tara ina hawa, rannan na fito daga shago na tarar an sa wa tayarta mari. Washegari janwe ya ɗauke ta. Kuɗin fansa ya fi kuɗin motar, yallaɓai. Na sa hannu na bar musu."

"Ka gaya mata?"

"Matata ta gaya mata. Ni ban iya ba."

"Mukulli nawa ta ba ka?"

"Ɗaya."

Gidan Eluned Probert yana ƙarshen layi, a kan gangara. Ta buɗe ƙofa da rigar sanyi, ta kawo fuskarta kusa da katin shaidar Sufeto kafin ta iya karantawa.

"Beynon? Jikan Beynon mai gasa burodi? Shigo, ɗan nan."

Ya zauna ya bar ta ta yi magana. Ta ba shi labarin kakansa, da yajin aikin masu haƙar kwal, da tsadar man shanu. Bai katse ta ba. Idonsa yana kan kantar da aka jera faranti masu furanni, biyar, da gurbin na shida.

"Yaushe rabonki da tuƙi, Mama?"

"Tun bazara."

"Ina farantinki ɗaya?"

"Ya fashe."

"Yana wurin Alun. Ya ce a gode miki, kek ɗin ya yi daɗi."

Ta kalli gurbin farantin. Can ta tashi ta jawo wani ambulan daga bayan agogo ta miƙa masa. Cek ne daga hukumar haraji, ragowar watannin da Idris ya biya.

"Da wannan ya zo na gane ni na jawo. A zamaninmu 'yar takarda ce a jikin gilashi, in ka sayar da mota ta tafi da abarta. Idris ne mai kula da waɗannan abubuwan, shekara arba'in da shida. Na gaya wa Dewi abin da na sani, ashe an daɗe da sauyawa."

"Me ya hana ki zuwa ki fanshe ta?"

"Na buga waya. Suka ce ba tawa ba ce, ba ta Dewi ba ce kuma. Na ce to ta wa? Yarinyar da ta ɗauki wayar ta ce in jira, ta sa mini kiɗa."

"Da idon nan kika ratsa gari?"

"Hanyar na sani, ba sai na gani ba." Ta sunkuyar da kai. "A bakin makaranta wata mata ta fizge keken jaririnta daga gabana. Sai da na wuce na gane abin da na gani. Tun ɗazu nake zaune ina jiran wani ya zo."

Motar tana garejin gidan, an wanke ta, an lulluɓe da bargo. Sufeto ya kira janwe, ya karanta wa Eluned abin da doka ta ce a karanta wa wanda aka kama. Ta saurara har ƙarshe, ta ɗauko jakarta, ta kashe murhu.

Ya riƙe mata hannu suka sauka matakala. A bakin motarsa ta tsaya.

"Ɗan nan, ka ce musu kada su ja ta da ƙugiya. A tuƙa ta. Giya ta biyu tana da gardama, sai an lallaɓa."

"Zan gaya musu, Mama."

Ya rufe mata ƙofa. Ta madubi ya hango direban janwe ya riga ya maƙala ƙugiyar. Ya tayar da mota, ya bi ta ɗaya hanyar don kada su wuce ta gaban garejin.