Sawun Hannu a Bakin Baho

Ƙarfe tara na safiyar Litinin aka kira Sufeto Habibou zuwa hawa na sha ɗaya a wani dogon bene na unguwar Minguettes. Lif ya lalace kamar kullum, ya isa yana haki.

Hajiya Zouera ce mai ƙara. Sarƙar zinarin da ta gada daga mahaifiyarta ta ɓace. Kamar matan benen da yawa, a bayan 'yar ƙofar da ke ƙarƙashin bahon wanka take ɓoye ta, tana ganin ba wanda ya san wannan dabara sai ita.

"Wa ya shiga bayin, Hajiya?"

"Chaibou mai gyaran baho! Daga garin Montreuil, can kusa da Paris, aka turo mini shi ranar Asabar. Yuro ɗari biyar ya karɓa, ga maƙwabciyata Safi ɗari da hamsin aka yi mata. Tun nan ta ce mini ɓarawo ne."

Sufeto ya durƙusa. Bahon fari fes, sai ƙyalli yake. Amma a bakinsa, daidai saman 'yar ƙofar, ga sawun tafin hannu ya nutse cikin fentin, da ɗan zare ruwan ɗorawa maƙale a ciki.

Da azahar aka ɗauko Malam Chaibou daga masaukinsa tun bai bar gari ba, aka kawo shi komisariyar 'yan sanda, idanunsa sun yi ja. Ranar Laraba zai fara gyaran baho talatin a wani otal a Paris, aikin da ya shekara shida yana nema. In ya kwana a tsare, an ba wani.

"Me ya sa kuɗinka ya ninka na wani sau uku?"

"Ranka ya daɗe, baho suna ne kawai. Na Hajiya na ƙarfe ne, ya yi tsatsa. Sai na kankare, na cike ramuka, na goge, sannan fentin rezin shafi uku. Mai araha fesa fenti yake ya tafi, awa huɗu ya bushe, wata shida ya ɓare. Nawa kwana biyu cur ba a taɓa shi."

Sufeto ya tura masa hoton sawun. Chaibou ya manta da zancen sata gaba ɗaya, ya dafe kai.

"Wayyo aikina! Wa ya yi mini wannan?"

Sufeto ya danne dariya. Ya taɓa ganin ɓarawo na kukan kansa, bai taɓa ganin mai kukan baho ba. Ga kuma hannun mutumin kamar faranti, sawun kuwa ɗan siriri.

Safi ta tarbi Sufeto a gidanta da shayi da gaisuwa mai tsawo.

"Kin shiga bayin Hajiya ranar Asabar?"

"Jamais! Ko kaɗan! Da la'asar na leƙa, muka gaisa, ta tashi salla, na fito."

"Fentin baho awa nawa yake bushewa?"

"Huɗu mana. Nawa da safe aka yi, da yamma na yi wanka."

"Na Hajiya kwana biyu ne, Madame. Miƙo mini mayafin can."

Mayafi ne ruwan ɗorawa, rataye a bayan ƙofa. Gefensa ya sandare da farin rezin. Safi ta ajiye kofin da ke hannunta.

"Na ɗauka ya bushe," ta ce a hankali. "Ni ma a nan nake ɓoye nawa, shi ya sa na sani."

Cikin buhun shinkafa aka samo sarƙar. Wata 'yar sanda ta sauka da Safi, matan benen na leƙe ta ƙofofi.

Da aka kawo Chaibou gidanta, Hajiya ta ji kunya sosai, ta rasa inda za ta sa fuskarta. "Ka yafe mini, Malam Chaibou. Na ci mutuncinka a banza."

"Ya wuce, Hajiya."

Sufeto ya duba agogo. "Jirgin ƙasa na Paris ƙarfe shida ne. Zo in sauke ka a tashar Part-Dieu."

Chaibou ya riga ya buɗe jakar kayan aikinsa, ya zaro takardar goge.

"Akwai na takwas, ranka ya daɗe. Ba zan bar hannun ɓarauniya a kan aikina ba."