Sunan da Na Kira a Bakin Tafki

Ranar Talata da yamma lis na sauka daga motar birnin Suva a ƙofar gandun dajin, ni kaɗai, riƙe da zanen 'yata Unaisi. Shekararta goma sha ɗaya. Kwana uku ke nan ba ta ci ba, ba ta ce uffan ba, kuma gashinta kullum a jiƙe yake komai gogewar da na yi.

Laifina ne, ba ni da wanda zan ɗora wa. A wurinmu in an gama wanka a daji, uwa ce ke tsayawa bakin ruwa ta kira sunan kowa ya taso a tafi gida, don kada kurwar wani ta zauna a can. Shekara da shekaru ina yi. Amma ranar Asabar ce fitarmu ta farko zuwa tafkin dajin nan tun rasuwar mijina Ilaitia. Muka ci rogo da kifi, ta yi iyonta, na tattara kwanuka. Da na buɗe baki na tuna suna ɗaya ya rage mini, sai na kasa. Na ja hannunta muka tafi.

Tsoho Waisake mai gadi yana shirin rufe ƙofa.

"Maman Unaisi, yanzu? Ai masu hankali fitowa suke yi."

"Kawu, a danginmu wa ka taɓa gani da hankali?"

Ya ga zanen, dariyarsa ta ɗauke. Ya yi ƙasa da murya.

"Mai rai kaɗai za ki kira. In wani abu ya biyo ki, kada ya ƙetare ƙofar nan. In ya shiga gida, da yarinyar zai koma."

Na gangara. Matakalan katako suna santsi, ko'ina warin ruɓaɓɓen ganye. Teburan cin abinci babu kowa, sai ɓawon kwakwa da tururuwa. Kwaɗi sun cika dajin da kuka. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan hanya ba.

A tafkin da ke can ƙasa, igiyar da yara ke lilo su faɗa ruwa tana kaɗawa. Babu iska.

Na shimfiɗa zanen a hannuna biyu.

"Unaisi, taso mu tafi gida."

Zanen ya yi nauyi, ya jiƙe sharkaf. Na ji sanyi a raina. Sai bakin nan nawa, da ya saba, ya ƙarasa da kansa.

"Ilaitia, taso mu tafi gida."

Kwaɗin suka yi tsit.

Aka yi tari a tsakiyar ruwan. Tarinsa.

Na juya na kama hawa. A bayana sawu, mai nauyi, ana jan ƙafar hagu. Ƙamshin man kwakwar da yake shafawa ya iso ni.

"Vasiti," aka raɗa sunana. "Jira ni mana. Ke kullum sauri."

Allah ya sani na so in tsaya. Wata takwas ina roƙon in sake jin muryar nan.

Na rungume zanen na ruga.

Waisake yana riƙe da ƙofa, idonsa a ƙasa. Na ƙetare. Numfashi ya taɓa ƙeyata.

Ban waiwaya ba.

"Ba kai na kira ba," na ce. "Koma."

Sawun ya tsaya.

"To," aka ce a hankali, yadda yake cewa in na fi shi baki a faɗa.

Ƙofar ta rufu.

A gida na lulluɓa wa Unaisi zanen. Kafin na cire takalmi ta tashi zaune ta nemi rogo. Ta ci kwano biyu, ina kallonta ina kuka. Sai ta ɗago kai.

"Mama, kwana ukun nan Baba ne ya riƙe ni a kafaɗarsa don kada in nutse. Har ƙofa ya rako mu. Me ya sa kika kore shi?"

Yanzu Unaisi ta girma, lafiyarta lau. Ni ce dai har yau ban ba ta amsa ba.