Shafi na Biyu na Darasin Ramlatu

"Ina batirin yake, Malam Direkta?"

Ramlatu na tsaye gaban akwatin ƙarfen ofis. Farojekta, na'urar haska hotuna a bango, na nan a ledarsa, wayoyinsa na nan. Wurin da babban batirin sola yake zama kuwa, ƙura ce kawai ta zana shacinsa.

Direkta Rabo, shugaban makarantar, ya hura shayinsa.

"Ai naki ya ɗauke shi jiya da la'asar."

"Nawa wa?"

"Alamin mana. Buzunki mai gyaran sola. Ya ce gyara za shi kai shi garin Sarkin Hausa."

"Batirin lafiyarsa lau..."

"To, ki tambaye shi. Ke kika san shi, Madam."

Ƙarfe takwas saura kwata. Ƙarfe tara Insifektar makarantu za ta iso daga Tasawa ta kalli darasinta. Wata biyu da suka wuce Direkta ya nemi auren Ramlatu, ta ce masa a'a cikin ladabi, kuma tun ranar ya gano cewa ba ta iya koyarwa ba. Ya rubuta rahoto: malamar aji huɗu tana ɓata lokacin yara da na'ura, tana ɓata nata da mai gyaran na'ura. In darasin yau ya lalace, za a ɗauke ta daga wannan makaranta ta gefen Maijirgi a mai da ita Tasawa, ƙofar gidan ubanta, inda Alamin ba shi da izinin ko sallama.

Ta kira lambar Alamin. A kashe.

Ta sake kira. A kashe.

Jiya-jiya ya ce mata, "Malamata, ko sama za ta faɗo, farojektanki zai kama." Ko dai maganar Baba ta hana shi aurenta ce ta shige shi? Ko ya gaji ne, ya zaɓi ya taimaka a raba su cikin sauƙi?

Ta leƙa ta taga. Wata mota ta tsaya ƙarƙashin itacen bedi, mutum biyu suka fito: Insifekta Mariama da jakarta, sai Alhaji Iliyasu, babban ɗan kasuwar hatsi na Tasawa, uban Ramlatu. Alhaji bai taɓa taka makarantar nan ba. Yau ya zo, har ya sa an kwashe kayan bayan motar don akwatunan ɗiyarsa su samu wuri.

Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, lafiya?"

"Lahiya lau. Direkta ya ce in zo in ga aikinki. In an gama sai mu wuce gida."

Yara hamsin da bakwai suka miƙe suka gaida baƙi. Direkta ya zauna kusa da Insifekta, ya ce da murya mai tausayi, "Kin gani, Madam, an samu matsalar wuta. Ni dai na sha faɗa mata kada ta dogara da ƙarfe."

Insifekta ta miƙa hannu. "Takardar shirin darasi."

Ramlatu ta ba ta. Shafi biyu ne. Na farko an rubuta a samansa, "In da wuta." Na biyu, "In babu wuta." Alamin ne ya tilasta mata rubuta na biyun, ranar da suka yi faɗa har ta ce masa ba shi da imani da aikinsa. Ya ce shekara bakwai yana gyaran sola, shi ya sa.

Yanzu mutumin da ya ɗauke wutar shi ne ya bar mata shafin. Ta rasa ko ta gode masa ko ta tsine masa.

Darasin tsirowar gero ne. Kwana goma yaran suna shayar da iri a gwangwanayen tumatir, kowace safiya rukuni ɗaya ya ɗauki hoton tsiron da salularta, sauran su zana shi a takarda, su auna shi da tsinke. Da akwai wuta, da hotunan goma sun bi juna a jikin bango.

"Kowane rukuni ya ɗauko zanensa," ta ce. "Ku jeru daga ranar farko zuwa ta goma. Ba zan gaya muku ba. Ku yi gardama."

Suka yi gardama kuwa. Salular tana yawo daga hannu zuwa hannu, kowa na gwada zanensa da hoton. Wata yarinya, Shatu, ta kori rukuni na shida zuwa baya, ta ce ganyensu biyu ne, na ranar biyar ne. Insifekta ta fara rubutu. Direkta ya leƙa ya ga abin da take rubutawa, bai ji daɗi ba.

"Amma gwangwani uku ba su tsiro ba," in ji Ramlatu. "Don mi?"

Yaran suka hau leƙa gwangwanayen.

"Za mu tambayi wanda ya sani."

Ta ɗauko kwanon sha babu ruwa, ta jefa salular ciki don sautin ya ƙaru, ta latsa. Sai da yatsanta ya taɓa ta tuna wanda ke zaune a bayan aji. Aikin gama ya gama.

Muryar Alhaji Iliyasu ta cika ɗakin.

"...iri ba a kasuwa ake zaɓensa ba, a gona ake zaɓensa, tun yana tsaye. Ka duba zangarniya mai tsawo, cikakka har baki. Ka yanke kai, ka yanke gindi, tsakiyar ita ce iri..."

Ranar da Alamin ya je neman izinin aurenta, Alhaji ya tsare shi a zaure ya ce ba zai ba da ɗiyarsa ga jikan makiyaya wanda bai san gero ba sai a fura. Alamin ya ce, "Gaskiya ne, Baba. Koya mini. Ka yarda in ɗauka a salula don kada in manta?" Alhaji bai taɓa ƙin mai sauraro ba. Ya yi minti ashirin da biyar. Ramlatu ta karɓi sautin daga Alamin, ta yanke zagin ta bar ilimin, ya koma minti huɗu.

Ba ta iya waiwayawa ba. Ta tsayar da sautin.

"To, don mi ukun ba su tsiro ba?"

Hannuwa suka tashi. Shatu ba ta jira a kira ta ba. "Madam, irin gindi ne! Tsohon ya ce a yanke gindi."

"Wane ne wannan dattijon?" Insifekta ta tambaya. "Masanin aikin gona ne?"

Aka ji gyaran murya daga baya.

"Ni ne," in ji Alhaji. "Kuma an yanke mini magana. Ban ji inda na yi bayanin toka ba."

Ya taso. Ya yi bayanin yadda ake ajiye iri da toka, yara suna tambaya yana amsawa, sai da Insifekta ta nuna agogo sau biyu.

Ana fitowa sai ga amalanke ya shigo harabar, jakin na jan ƙafa. Alamin na zaune a kai, rawaninsa ya warware, ya rungume batirin kamar jariri. Moto ɗinsa, wato babur, ya mutu a rairayi tun asuba, salularsa ta mutu tun kafin moto.

Ramlatu ta tare shi.

"Ka ɗauke mini wuta, Alamin..."

"Direkta ya ce ke kika ce yana zuba, in kai shi in duba. Na buɗe shi na ga lafiyarsa lau, sai na gane." Ya dubi idanunta. "Na makara, ko, Malamata?"

"Ka makara."

"Shafi na biyu fa?"

Ta juya fuska don kada ya ga hawayen. "Ya yi aiki. Kada ka yi mini dariya."

Insifekta ta ji duka. Ta ce Ramlatu tana nan a ajinta, kuma tana son kwafin shafi na biyu don sauran malamai. Sannan ta gayyaci Direkta ofis, ta ce akwai rahoton da za su sake karantawa tare.

Alhaji ya tsaya gaban amalanken, ya dubi Alamin sama da ƙasa.

"Kai ne ka kai muryata lakkwal, gaban 'yan makaranta?"

"Ni ne, Baba. A yi haƙuri."

"Rabin magana ka ɗauka. Ban gaya maka komi game da dawa ba, balle gyaɗa." Ya gyara babbar rigarsa. "Ka zo ran Juma'a. Kuma ka taho da manyanka, ba ni maimaita bayani."

Ya shiga mota. Bayanta babu akwati ko ɗaya.