Kwana Uku a Cikin Bargo

A garin Duluth akwai wata yarinya 'yar aji huɗu, mai son kifi kamar me. Ranar da ta cika shekara tara, kakanta Orville ya ba ta tankin gilashi. A ciki akwai ƙananan kifaye shida da shukokin ruwa da ya raina da hannunsa. Ya ja mata kunne: fitilar tankin awa bakwai kawai a rana, abinci kuma sau ɗaya.

To, sai hunturu ya shigo. Kafin ƙarfe biyar gari ya yi duhu. Yarinya ta dubi shukokinta, tausayi ya kama ta. Sai ta bar fitila a kunne, ba kashewa. Kifaye kuwa da sun taso sama, sai ta watsa musu abinci. Wai ita mai kirki!

Cikin mako biyu ruwan ya koma kore shar, kamar an matse alayyafo a ciki. Gansakuka ta rufe gilashin, ta nannaɗe ganyaye. Da ƙyar ake hango kifi.

Babanta ya leƙa, ya girgiza kai. Ya ce idan Lahadi ta zo tankin yana haka, zai mayar wa Kaka abinsa. Kuma shi mutum ne da ba ya magana biyu.

Hankalinta ya tashi ƙwarai. Ta kira Kaka a waya, ta faɗi gaskiya duka, ba ta rage komai ba.

Kaka ya yi dariya. "Ashe manomiya na ba wa tankina? Kin noma gansakuka ta yi kyau."

"Kaka, ba wasa nake yi ba. Me zan yi?"

Ya bayyana mata cewa gansakuka da haske take rayuwa, da ragowar abincin kifi. Ya ce ta goge gilashin da sabon soso, ban da sabulu. Ta canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan. Sannan ta kashe fitila, ta bar injin tace ruwa yana aiki, ta rufe tankin da bargo har kwana uku. Ba abinci, ba leƙe.

"Ba za su mutu ba?"

"Kifi zai iya kwana uku bai ci ba. Ke ce dai ban sani ba ko za ki iya kwana uku ba ki leƙa ba."

Ta ce za ta iya. Ta naɗe hannun riga, ta goge, ta ɗebi ruwa bokiti bayan bokiti har kafaɗarta ta yi tsami. Ta rufa bargo.

Rana ta farko da sauƙi. Ta biyu kuwa, wayyo! Tana dawowa daga makaranta ta tsaya gaban tankin. Ba ta jin komai sai ƙarar injin. Ta kama bakin bargon. Ta daɗe a haka. Sai ta saki, ta cusa hannuwa a aljihu, ta bar ɗakin.

Ranar Asabar ta yaye bargo. Ruwa ya washe. Ganyaye sun ɗan koɗe, amma suna nan da ransu. Ta ƙirga kifaye: biyar. Ta sake ƙirgawa, biyar. Idonta ya cika da hawaye. Can sai ga na shida ya fito daga bayan dutse, ko a jikinsa.

Da Lahadi ta zo, Baba ya duƙa ya duba tankin da kyau.

"Tankin ya zauna," in ji shi. "Me kika koya?"

"Na ɗauka in ina son abu, sai in yi ta ba shi," ta ce. "Ashe daidai buƙatarsa zan ba shi, ko da hannuna yana ƙaiƙayi."