Tsohuwar da Ta Tashi da Rijiyarmu

Na gaji da roƙon mutanen ƙauyenmu, can bayan garin Sukukutane, su gina salga. Wai aljanu ke zama ciki! Sun gwammace su tsuguna bayan rijiyarmu ɗaya tilo, zawo na kwashe 'ya'yansu.

Da magariba na je ɗibar ruwa, sai ga wata tsohuwa tana barin wurin, 'yar ƙwarya a kanta.

"Inna, ina zuwa?"

"Tashi na yi, ɗana. Ƙazantarku ta ishe ni."

"Madalla! Ashe akwai mai hankali a garin nan."

Ta wuce, ba ta bar sawu ba. Daga cikin ƙwaryar na ji kukan kwaɗi, can ƙasa da nisa.

Na zura guga. Sai na ji ya faɗa kan busasshen yashi.