Yarinyar da Ba Ta Cin Fara

A Lukaya abin ya soma, inda duk motar da ta taso daga Kampala zuwa Masaka take tsayawa masu talla su yi mata caa. Damina ta zauna, fara ta sauka. Ta kowace taga hannuwa ake turowa, wannan tsire, wancan gasasshiyar ayaba, ga robobin soyayyiyar fara da albasa sai ƙyallin mai suke. Kafin ka ce me, bakin kowa na motsi, har na direba.

Mutum biyu ne kawai ba su miƙa hannu ba, kuma a kujera ɗaya suke. Shamim, tela ce a Kampala, za ta Nyendo duba kakarta. Da aka turo mata robar sai ta kawar da kai. Saurayin da ke gefenta kuwa har ja da baya ya yi.

"Ke ma?" ya ce.

"Ni ma."

"Don Allah kar ki ce min ƙanwata ce ke. Tun daga Mpigi nake haɗa maganar da zan yi miki, kar wahalata ta tashi a banza."

Ta rufe baki tana dariya. Ya tambayi sunanta na gida, ta ce Nakabugo. Ya sauke wata irin ajiyar zuciya.

"Dangin Biri. Alhamdu lillahi. Ni Masembe, jikan Fara."

A Buganda mutum ba ya cin abin da danginsa ke amsa sunansa, ba ya kuma auren 'yar danginsa. Ko a mota suka fara haɗuwa, ƙanwarsa ce, magana ta ƙare. Shi ya sa samari ke tambayar suna kafin lambar waya.

Ya saya mata ayaba mai zafi. "To me ya haɗa 'yar Biri da ƙin fara?"

"Ban saba ba ne kawai."

Ba gaskiyar ta faɗa masa ba. Dangi na uba ne, ita kuwa Nakabugo daga gidan kakanta na wajen uwa aka ara mata. Uwar ta rasu tana goye, uban ko sunansa ba ta taɓa ji ba. Abu ɗaya take tunawa. Tana ƙarama ta tsinci fara guda a kaskon maƙwabta, Kaka ta buge mata hannu, bugun da sai da ya kumbura, ta ce, "Wannan ba ta shiga bakinki." Daga nan tsohuwar ta shige ɗaki ta yi ta kuka. Shamim ta so ta faɗa masa a motar nan. Sai ya yi murmushi, ita kuma ta bar wa gobe.

Masembe a kamfanin ɓarar kofi yake aiki a Masaka, amma ka rantse aikinsa tura saƙo ne.

"'Yar Birina, kin karya? Na ci ayaba da wake a wurin matar nan ta bakin tasha, ba gishiri. Ko dai rashinki ne?"

"Ɗan Fara, ka je ka yi aiki. Kaskon mai chapati ya fi ka natsuwa."

"Asabar zan kai ki Lambu, garin masunta, ki ci kifin da aka fito da shi a gabanki. Ki zo da yunwa."

Ta je da yunwar. Sun ci kifi a bakin ruwa da hannu, ya cire mata ƙaya, ta dangwala masa barkono a baki don mugunta. Daɗi dai sun ji shi, ba ƙarya. Amma duk ranar da ya yi maganar 'ya'yansu sai ta koma shago ta ɗinka hannun riga a juye.

Shekara ta zagayo, fara ta sake sauka, ya kai ta gaban mahaifiyarsa, Hajjati Namatovu. An dafa ayaba a ganye, an yi miyar gyaɗa da busasshen kifi. Mai zuba abincin Madina ce, 'yar maƙwabta, wadda ta daɗe tana share tsakar gidan nan ba don lada ba. Ta jira sai da Shamim ta kai loma baki.

"Hajjati, ashe innata maƙwabciyarsu ce a Nyendo. Wai Nakabugo sunan gidan su mamanta ne. Wai kuma ba wanda ya taɓa ganin ta ci fara." Ta yi murmushi. "Ƙarin miya?"

Hajjati ta tsame hannunta daga kwano, ta wanke, ta goge a hankali.

"Yarinya, wace ce gwaggonki?"

Shamim ta dubi tabarma.

"Ba ki yi min laifin komai ba," in ji Hajjati, muryarta ƙasa ƙasa. "Amma yarinyar da ba ta san ubanta ba, aka kuma hana ta fara tun tana ƙarama, ke ma kin san abin da zuciya za ta raya. Ba zan zauna ina kallo ɗana ya auri ƙanwarsa ba. Ki kawo min gwaggo, ki kawo min dangi. Kafin nan kar ya sake riƙe hannunki."

Masembe ya raka ta bakin titi. Sai da ɗan acaɓa ya tsaya ya ce, "Tun a Lukaya kin sani."

"Tsoro na ji."

"Ni ma yanzu shi nake ji."

Wayarta ta yi shiru kwana da kwanaki. Ita ta fara gajiya, ta tura masa saƙo.

"Masembe, ban san ko ina da ikon kiranka da sunan da na saba ba. Zan je in tambayi Kaka. Ko me na ji zan faɗa maka, ko da shi zai raba mu."

Amsar ta zo gajeriya. "Ba za ki je ke kaɗai ba. In mijinki ne ni, dole in raka ki. In yayanki ne, nan ma dole."

Kaka tana kwance da ciwon ƙafa. Da ta ji tambayar sai ta juya fuska bango.

"Badru ake ce masa. Ɗan tsibirin Ssese. Ban tambayi danginsa ba, don bai shigo min gida ta ƙofa ba."

"To me ya sa kika hana ni fara, Kaka?"

"Ban taɓa furta wannan ba, ba kuma yau zan fara ba. Ki je Lutoboka, gidan da ke bayan masallaci. Su faɗa miki da bakinsu." Ta gyara kwanciya. "Da dai kin bari watan nan ya wuce."

Ba su bari ba. Hanyar Bukakata, inda ake shiga jirgin tsibirin, duk tarkon fara ne gefe da gefe, kwanon rufi a jingine cikin gangunan ƙarfe, manyan fitilu a saman sanduna, wayoyin wuta na reto kamar igiyar shanya. Ko da rana wurin ƙauri yake. A jirgin fito suka zauna da jakarta a tsakaninsu. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta kan ruwa, igiyar ruwa na marin jirgin, wata mata tana ta salati. Mai talla ya zo da chapati, wainar fulawa, Masembe da ba ya ganin abinci ya ƙyale ya girgiza kai.

"In ta tabbata," ya ce yana kallon ruwa, "ni zan tsaya miki a aurenki, kamar yadda yaya ke yi. Bayan nan zan bar ƙasar."

"Ka daina."

"Gara in faɗa yanzu, tun ina iya kallonki."

Ta yi kuka ba sauti har suka sauka.

Gidan bayan masallacin ƙarami ne, ƙofar a buɗe. Suka yi sallama, aka amsa daga bayan ɗaki. Suka zagaya. Wata dattijuwa ce zaune a kan tabarma, yatsunta duk toka, ga babbar roba a gabanta. Fiffiken fara take cirewa.

Shamim ta kasa ɗauke ido daga robar. Zuciyarta ta ce kar ki yi saurin murna, wataƙila matar gida ce, daga wani dangin aka auro ta.

Dattijuwar ta ɗago. Ta daɗe tana kallon goshin Shamim da wushiryarta. Farar da ke hannunta ta suɓuce ta yi tsalle.

"Badru," ta ce. "Wannan fuskar ƙanena ce. Yarinya, daga ina?"

"Mama," in ji Masembe, "ki yi haƙuri, sunanki fa?"

"Namubiru."

"Dangin Gaiwa," ya ce. Sai ga ƙato ya zauna daɓas a ƙasa mai laima, ya rufe fuska da tafin hannu.

Gwaggo Namubiru ta jawo Shamim jikinta, toka da hawaye duk suka ɓata mata mayafi. Sai da suka natsu ta ba da labarin. Badru masunci ne, amma lokacin fara Masaka yake tafiya kafa tarko. A can ya haɗu da mamanta. Yana shirin turo manya, shekarar da take cikin ciki, ruwa ya sauka, wayar wuta ta taɓa kwanon tarkon, shi kuma hannunsa na kai. A gaban mamanta aka yi, ta kai masa abinci.

"Mun je neman cikin, kakarki ta kore mu, daga baya aka ce mana bai zo da rai ba. Ban riƙe ta ba. 'Yarta ba ta sake zama daidai ba tun ranar."

Shamim ta tuna hannunta da ya kumbura, da kukan da ta ji ta bayan ƙofa. Tausayin Kaka ya kama ta, wanda bai taɓa kama ta haka ba.

Gwaggo ta ɗora kasko. Masembe ya fita ƙofar gida don girmama danginsa. Farar ta soyu a cikin man jikinta, ƙamshi ya cika wurin. Gwaggo ta zaɓi guda ta miƙa.

"Babanki ya fi kowa sonta. Ki ɗanɗana, ki san abin da yake so. Daga yau sunanki Nansubuga."

Shamim ta tauna a hankali. Ga gishiri, ga maiƙo, ga wani garɗi kamar na gyaɗa. Ta haɗiye da hawaye. Gwaggo ta turo kaskon, ta ce a'a, guda ta isa. 'Ya'yanta jikokin Fara za su zama.

Bikin gabatar da ango ga dangin amarya a Nyendo aka yi shi. Gwaggo ta haye ruwa da 'yan'uwanta mota guda, ta riƙo hannun Masembe ta nuna shi ga jama'a. Kaka ta sa aka fito da ita a kujera, ita da Gwaggo suka riƙe hannun juna. Hajjati da kanta ta ɗaura wa amarya ɗamara, ta ce, "'Yata, tsoro ne ya sa ni, ba ƙi ba. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'yan da za su san gidansu." Madina ta aiko cewa kanta na ciwo. Aka ɗaura aure bayan Azahar, kowa ya shafa.

Da za su Kampala kwaso keken ɗinkinta, motar ta tsaya a Lukaya. Wani mai talla ya turo roba har tana taɓa hancin ango. Masembe ya ja baya, ya dubi matarsa.

"Ke ma?"

Shamim ta kalli robar, ta ga babanta a ciki, ta ga 'ya'yan da ba ta haifa ba tukuna. Ta sa hannunta cikin nasa.

"Ni ma," ta ce. "Saya min ayaba."