Rabin Ƙwayar Husaina

"Sa'a, dube ni. Kullum tana sha?"

Na kasa ɗago kai. A bayan ɗakin gwaji na asibitin Damagaram muke tsaye, Yaya Salisu riƙe da takardar sakamakon ƙanwata Husaina. Ma'aikacin jinya ne, kuma shi aka sa ranar aurenmu da shi bayan an gama girbin gero.

"Kullum..." na ce.

"Wata huɗu tana shan maganin tarin fuka, amma sai ramewa take. Yanzu gwaji ya nuna ciwon ya daina jin maganin. Ko dai da irin wannan ta kamu tun farko, ko wani abu ya faru a gida. Likita zai tambaye ni."

Ƙa'ida ita ce a sha a gaban ma'aikaci, amma da yake garinmu Hamdara da nisa, shi ya tsaya mini. Ya ce Sa'a ta yi lakwal, ta iya karatu, a ba ta ƙwayoyin, ba za ta yi kuskure ba.

"Sa'ata, ba faɗa zan yi ba. Shekararta shida fa. In ban san gaskiya ba, da me zan taimake ta?"

Kaka ta rantsar da ni kada maganar ta fita daga gida. Ita ta rene mu tun rasuwar Inna. Amma daga inda nake ina jiyo tarin Husaina, siriri, kamar ba ta da sauran ƙarfin yi.

"Rabi take sha."

"Rabi?"

"Kaka ta ce ba a bambanta tagwaye. Ko zane aka saya wa ɗaya sai an saya wa ɗayar, in ba haka ba fushinsu ya faɗa wa gida. Kowace safiya sai ta sa a raba ƙwayar, rabi Husaina, rabi Hassana."

"Wa yake rabawa?"

Hawaye suka zubo mini. "Ni. Da wuƙar yankan kuɓewa."

Ya jingina da bango, ya rufe ido. Na jira ya ce ya fasa, ya ce in tafi. Wallahi da ya faɗa ba zan ga laifinsa ba.

"Za ta mutu, Yaya Salisu?"

"Akwai wani maganin. Ya fi ɗaci, ya fi daɗewa, kuma a nan za ta fara, a gabanmu. Wa zai zauna da ita?"

"Ni."

"Bikin fa?"

"Ya jira."

"To ya jira, nima zan jira." Ya ninke takardar a hankali. "Laifin namu ne mu biyu, ni na sa hannu. Zan gaya wa likita da bakina." Sai ya tsaya, ya dube ni. "Ɗaki ɗaya suke kwana da Hassana?"

"Tabarma ɗaya."

"Tana tari?"



"Tun shekaranjiya," na ce.

Ya laluba aljihu ya ciro makullin moto, ya ce mu je mu ɗauko Hassana.